Niƙabin Mota

Ƙarar zobban labule ce ta fara komai. Ina kicin ina soya albasa na ji shurrr daga majalisa, wato falon baƙi, irin ƙarar da suke yi in an ja labule har ya wuce ƙarshen sanda, sannan na ji suna zubewa a kan tayil ɗaya bayan ɗaya. Na leƙo da ludayi a hannu, sai ga Baban Bashir ya naɗe labulena a hammata yana laluben takalmi da ƙafa. Kore ne, mai kauri, mai shafi, wata uku kacal da rataya shi.

"Ina kuma za a kai shi?"

"Tablon ya tsage. In na bar shi a rana yau ma, gobe sai dai in ɗebo shi a leda."

Tablon shi ne gaban mota ta ciki, wannan faffaɗan wurin da ke ƙarƙashin gilashi. A lokacin Baban Bashir yana jan tasi tsakanin Haramin Annabi da masallacin Ƙuba, ranar Madina kuwa kun san ta, ba ta tambayar motar waye. Na ce ya ajiye min labulena, kafin la'asar zan ɗinka masa abin da ya fi shi. Na kuwa ɗinka, da wani tsohon zanen gado. A shataletalen farko abin ya zame ya faɗo masa a cinya, saura ƙiris ya shiga shagon mai burodi da fasinja uku. Da ya dawo, kai tsaye majalisa ya nufa. Kujera ya jawo, ya hau, ya sake kwance labulen.

Saboda ku nake rubuta wannan, 'ya'yana da matan 'ya'yana. Ranar Juma'ar nan da muka haɗu cin abinci ina jin ku kuna jujjuya aikina a hannu kuna dariya, wai ɗan ƙyalle ne da roba, minti biyar an gama. Ban tanka ba, don akwai baƙi. Yanzu babu baƙi.

Wadda ta koya min ita ce Gwaggo Zainabu, da muke kira 'Yar Sudan saboda iyayenta sun yi shekara ashirin a can kafin su ƙaraso. Mijinta ɗinkin kujerun majalisa yake yi, da ya rasu ta gaji kekensa da almakashinsa da zafin ransa. Na kai mata zanen gadona ta ɗaga shi da yatsa biyu kamar wadda ta tsinci ɓera.

"Wannan mayafi ne, ya binti. Mota ba ta yafawa, sawa take yi."

Wata shida ban taɓa keke ba, awo kawai nake ɗauka. Direba ya ajiye mota a ƙofar gida ya tafi masallaci, mu kuma mu shiga da takardar buhun siminti. Ba ma amfani da jarida, don ba a rasa sunan Allah a ciki, kuma awo ƙarshenta taka shi ake yi. Za ki shimfiɗa takardar, ki bi kowane lanƙwasa da babban yatsa har ta ɗauki siffar wurin, ki zana da guntun sabulu, ki fitar da ramin kowace kafar sanyi. In kika rufe kafa ɗaya, direba zai gasu daga nan har Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaura harami, kuma sunanki zai riƙa kira a hanya, ba da alheri ba. Farin yadi ba ya hawa tablon, don hotonsa yana fitowa a gilashi ya kashe wa mai tuƙi ido. Baƙi kuma rana na mayar da shi ja cikin wata biyu. Zare ma akwai wanda zafi ke ruɓar da shi. Da motoci masu jakar iska suka zo, sai muka koyi ɗinki mafi wuya duka, wato wanda ake yi da gangan don ya yage. A daidai bakin jakar za ki sa zare marar ƙarfi, ɗinki mai faɗi, yadda in ranar tsautsayi ta zo aikinki zai kauce ya ba rai hanya. Rigar tablon ta farko da Gwaggo ta yarda ta fita da sunana, da labulen nan kore aka yi ta. Ragowarsa na ninke na sa a ƙasan akwati.

Akwai wani direban babbar motar alhazai, mutumin Cadi, da ya kawo min aiki ana saura kwana huɗu su fara jigila. Yana son geza, yana son aljihun Alƙur'ani, da na aswaki, da gurbin kwalin tishu. Na yi masa duka, aljihun Alƙur'anin a can sama yadda ba abin da zai hau kansa. Da ya zo karɓa ya shinshina ya ɓata rai.

"Hajiya, na Sale direba kin yi masa turaren wuta. Nawa kuma ƙamshin shago yake."

Na ce masa, "Sale 'yan makaranta yake ɗauka. Kai kuwa daga Bi'ir Ali za ka ɗauki mutane sun ɗaura harami. Tsoho ya dafa tablon zai hau, turare ya taɓa masa hannu da tufa, wa ya jawo masa?"

Ya ce in yafe masa. Daga shekarar, duk abin da zai shiga motar Bi'ir Ali ko da sabulu mai ƙamshi ba na wanke shi. Wannan ba a rubuce yake a jikin keke ba.

Kowane awo da sunan wanda ya fara kawo irin motar nake kiransa, in huda shi in rataya a ƙusa bayan ƙofar ɗakin ɗinki. Awon Sale Dogo, awon Mai Cadi, awon Malam Ila. Awo ɗaya yakan yi min shekara goma, don motocin wancan zamani suna da kunya, ba sa canza fuska kowace safiya.

Shekarar annoba ba ita nake kira mummunar shekara ba. Waccan kowa ya sha, kuma daga Allah take. Tawa daga Sin ta zo, a jirgin ruwa, tana cin lantarki.

Motar lantarki ta farko da aka ajiye min a ƙofar gida ban ji zuwanta ba, don ba ta da ƙara, kamar baƙon da ba ya sallama. Na shiga da takardata na tsaya ina neman tablon. Babu. Wani siririn abu ne kamar bakin tire, sai ƙaton allon gilashi a tsakiya, girman farantin da muke zuba wa maza shinkafar kabsa. Duk da haka na ɗauki awo, na rataya. Bayan wata huɗu aka kawo ƙanwarta, kamfani ɗaya, suna ɗaya, awon bai zauna ba. An matsar da allon, an ɓoye kafofin sanyi. Ashe can ƙasarsu tsere suke yi da juna, kowa na tsoron maƙwabcinsa ya riga shi, shi ya sa mota ba ta kwana biyu da fuska ɗaya.

Sunayensu ba sa zama a bakinmu, sai muka riƙa kiransu da yawan idanunsu. Wani kamfani ya ce tasa ido takwas gare ta, tana ganin kyanwa a cikin duhu. Na biyu ya ce tasa goma sha biyu, tana ganin kyanwar da ba ta gama yanke shawarar tsallakawa ba. Na uku ya ga fuska ta cika, sai ya ɗora wani a kan rufi kamar tozon raƙumi, muka sa mata Mai Tozo. Kowannensu yana rantsuwa tasa tana tuƙa kanta. Sai an saya an kawo gida ake karanta ƙananan rubutun, cewa dole dai mutum ya zauna a kujera, hannu a sitiyari, ido a hanya. Wato ta iya tafiya, amma a riƙe mata hannu.

Aiki ya ɗauke. Tsofaffin direbobina wasu suka ajiye tuƙi, wasu aka canza musu mota. Takardun bayan ƙofa suka bushe suka fara karyewa. Na lulluɓe keke da zane, Baban Bashir ya fara ajiye kofin shayinsa a kai.

A cikin wannan hali Malam Ila ya danna ƙararrawa wata ranar Lahadi da hantsi. Mutumin Maraɗi ne, direban gidan Hajiya Hauwa ta unguwar Jurf, shekara goma sha takwas yana jan ta. Hajiya Hauwa kuwa tsohuwa ce da ta haura tamanin, kakanninta da ƙafa suka zo, kuma duk Asabar ta duniya sai ta je ta yi nafila a masallacin Ƙuba. Muka gaisa ta bayan ƙofa yadda muka saba.

"Hajiya ta aiko ni. Ɗan nata Abdurrahim ya sawo Mai Tozo."

"Masha Allah. Ai ba ta da tablon, Malam Ila."

"Ba tablon ba ne. Ido ne. Akwai guda cikin mota, bisa madubi, yana kallon mutane. Hajiya ta ce ba ta shiga sai an ruhe shi."

Na fita na duba. Ga shi nan kuwa, ɗan baƙin ido kamar ƙwayar dabino, yana kallon kujerar direba da duk abin da ke bayanta. Ina cikin ɗaukar awo na tambayi Malam Ila yadda yake jin sabuwar motar. Yana tsaye nesa, ya ba ni baya.

"Mota lahiya lau. Sai dai iƙamata Rajab take ƙarewa, kuma Abdurrahim ya ce ba ya sabuntawa. Matatai ta samu lasisi. Tsoron hanya gare ta, amma ya ce yanzu mota ka yin aikin, ita zama kawai za ta yi."

Abdurrahim shi ne babban ɗan Hajiya, kuma shi ne kafilin Malam Ila, wato wanda ya tsaya masa, iƙamar nan, takardar zamansa a ƙasar, a hannunsa take. Na san akwai 'ya'ya bakwai a Maraɗi, biyu suna karatu mai nisa, duk da wannan sitiyarin. Na ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ya ce amin. Saura wata biyu Rajab.

To ga kuskuren da na yi, ku saurara da kyau, ku masu minti biyar. An ce min a rufe ido. Ni kuwa tun ina 'yar shekara goma sha huɗu na san da me ake rufe ido. Na buɗe durowa na ɗauko yadin niƙabi, baƙi, mai laushi, mai kyau, na ninka shi biyu, na yi masa kalmasa siririya da roba yadda zai kama ba tare da gam ba, don gam narkewa yake yi a zafinmu. Ya zauna ɗas. Idon ya ɓace gaba ɗaya. Da jikata Lujain 'yar Bashir ta gani, lokacin tana shekara biyar, sai ta tambaye ni da Larabci ko ita ma motar ta balaga ne. Malam Ila ya yi dariya har da tari, ya ja motarsa ya tafi.

Asabar biyar suka wuce. Ran nan sai ga Abdurrahim da kansa, da ƙamshinsa da kwalin kayan zaƙi a hannu. Baban Bashir ya shigo da shi majalisa, ni ina daga ƙofa. Hala yake kirana, wato inna da Larabci.

"Hala, wallahi ke injiniya ce! Kin san abin da kika yi?"

"Me na yi, ɗana?"

"Duk wanda ya manna wa idon nan wani abu, motar ƙin tuƙa kanta take yi. Dole ta ga idon direba, ta tabbatar ba barci yake ba. Amma da naki, tamam, komai na aiki! Ummi hankalinta kwance, mota hankalinta kwance."

Ya ce ya nuna wa mutanen ma'arad, inda ake sayar da motocin, sun yi mamaki. Suna fama da iyaye mata da ke hana 'ya'yansu saye saboda idon nan. Suna so in riƙa ɗinka musu da yawa, kowace mota ta fita da nata a cikin kwali, kyauta daga kamfani. Sun ce za su riga masu ido goma sha biyu da ke tsallaken titi. Baban Bashir ya ɗauke kofinsa daga kan keke tun kafin baƙon ya gama magana.

Na ce, "Tsaya, Abdurrahim. Ta yaya take ganin direba alhali na rufe ta?"

"Da wani haske take gani, ya hala, irin na rimot ɗin talabijin. Yadinki ba ya tare shi. Bas, kawai kar ki gaya wa Ummi. Me za a fasa?"

Da ya tafi na shiga ɗaki na ɗauko ragowar yadin, na ninka biyu, na ɗora a fuskata. Ga keke, ga ƙusoshi, ga agogon bango har da ƙaramin hannunsa. Shekara arba'in ina kallon duniya ta cikin wannan yadin, ina cefane, ina tsallaka titi, ina gane maƙwabciya daga nesa, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin aikinsa ba. Niƙabi mai shi yake ɓoyewa, ba ya hana mai shi gani. Na ɓoye motar daga Hajiya ne, na bar Hajiya a buɗe.

Washegari na sa aka kira min Malam Ila. Na tambaye shi ko ya sani.

"Na sani tun ranar hwarko. Muna hita unguwa na juya in amsa sallamar mai gadi, ta yi mani ƙara, ta ce in dubi hanya."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Mi za ni ce, Hajiya? In na hwaɗi, a ce Ila tuwonai yake karewa. Kuma aikinki ne, ban so in ɓata maki shi. Na bar ma Allah."

Kun ga inda aka ajiye ni. In na yi shiru, kekena ya tashi, ma'arad ya samu abin talla, matar Abdurrahim ta hau kujera, Malam Ila ya hau jirgi a Rajab. In na yi magana, na san abin da zai biyo baya, kuma na san ni ma za a ce wani nake karewa. Na yi kwana biyu ina juya abin. Abin da ya tsaya min shi ne, mata ta aiko ta ce in rufe mata ido, na karɓi aikin, ban rufe ba. Sauran duk bayani ne.

Kafin in je Jurf sai da na gyara aikin, don ba a zuwa da laifi hannu rabbana. Na ɗauki rimot na zauna gaban talabijin da tulin ƙyallaye. In lulluɓe bakin rimot in danna, in tasha ta canza, yadin ya faɗi. Yadin abaya ya faɗi. Atamfa ninki biyu ta faɗi. Har wani baƙin yadi mai tsada da nake ji da shi, tasha ta canza kamar ba komai a wurin. Baban Bashir yana son kallon labarai, na hana shi sakat. Can na tuna da ƙasan akwati. Na zaro ragowar koren labulen nan da shafinsa, na lulluɓe, na danna, na sake dannawa har yatsana ya yi zafi. Mai karanta labarai bai motsa ba. Na yanka shi ninki uku, shafi a tsakiya, kalmasa a ciki don kada haske ya bi ta ramin allura.

Na sami Hajiya Hauwa a ɗakinta bayan la'asar, tana jan carbi, Abdurrahim na gefe yana danna waya. Na gaishe ta na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai tiryan-tiryan, ban rage ba. Abdurrahim ya ajiye wayar a hankali.

Hajiya ta tsayar da jan carbinta. Sannan ta ce, "Asabar nawa?"

"Biyar, Hajiya."

"Inna lillahi. Rabi, kin san abin da nake yi in mun fito daga Ƙuba? Ɗage niƙabi nake yi in sha iska. In ci dabino. In cire haƙorana in goge su da tishu in mayar." Ta juya ga ɗanta. "Asabar biyar, ya waladi! Duk ƙasar Sin ta ga bakin uwarka ba haƙori!"

"Ya Ummi, ba mai kallo. Na'ura ce. Hoton ko fita daga motar ba ya yi."

Ni dai ban sani ba, wataƙila gaskiyarsa ne, yaro ne mai ilimi. Amma Hajiya ba ta saya ba.

"In ba mai kallo, wa ya ce wa Ila ya dubi hanya?"

"Na'urar ce."

"Abin da ya gani, ya gane, ya yi magana, ko mutum ne ko aljan. Duka biyun rufe musu fuska nake yi."

"To ki bar niƙabinki a fuska in kina ciki, halas, magana ta ƙare."

"In shaƙe a motar da ka ce ta fi kowace sanyi? Da wannan ƙirjin nawa?" Ta nuna shi da carbi. "Kai ka taɓa duba madubin Ila? Je ka duba. Shekara goma sha takwas madubin ciki a karkace yake, sama yake kallo. Ranar da ya fara aiki ya karkatar da shi, ban roƙe shi ba. Da na gefe yake tuƙi, bai taɓa gogar ko bango ba. Ina bayansa ina cin dabinona, bai san kalar fuskata ba har yau. Su kuma mutanenka kullum ƙara ido suke yi, takwas, sha biyu, har da na kan rufi. Ka rubuta musu, in sun ƙera wadda ta iya kawar da kai, ka sayo min, ran nan Ila ya tafi Maraɗi."

Ni ma sai a lokacin na gane abin da na gani shekara da shekaru. Duk sanda na shiga motarsa ɗaukar awo, madubin nan a karkace nake samunsa, ina zaton sakaci ne. Sau biyu ma na gyara masa shi.

Muka fita tsakar gida aka gwada. Na cire baƙin na sa koren. Abdurrahim ya zauna a kujera, ya fita da ita titin unguwa, ya danna abin da ake dannawa. Motar ta yi ƙara sau uku, ta cika allonta da rubutu, ta sakar masa sitiyari kamar wadda aka yi wa laifi. Tafiya tana yi sarai, birki da komai lafiya, sai dai ta ce tunda ba ta ganin direba, direba ya yi abinsa. Matar Abdurrahim tana kallo ta taga. Da aka ce mata haka za ta shiga shataletalen hanyar Ƙuba ranar Asabar, ita da surukarta da motocin alhazai, sai ta ce ita dama don zuwa kanti ta yi lasisi.

Abdurrahim ya raka ni bakin ƙofa, fuskarsa ba daɗi. "Hala, kin san abin da kika jawo wa kanki? Ma'arad ba za su karɓi wannan ba."

Na ce na sani. Na ce ya gaya musu mai shafi kaɗai nake ɗinkawa, in suna so. Ba su so ba. Abdurrahim ya yi wata biyu in ya gan ni gaisuwar nesa yake min, sannan ya huce, don ɗan halak ne. A Rajab ya sabunta iƙamar. Da Malam Ila ya zo faɗa min, ta bayan ƙofa, bai yi dogon bayani ba, cewa ya yi, "An buga, Hajiya." Ya ajiye ledar kilishi a bakin ƙofa ya tafi.

Aikin ma'arad ya wuce ni, amma tsofaffi suna da nasu ma'arad ɗin, a sahun mata bayan sallar asuba. Hajiya Hauwa ta ba da labarin haƙoranta ga duk wadda ta zauna kusa da ita. Sai ga su suna aikowa daga Jurf, daga Ƙuba, har daga Bi'ir Ali, kowace da irin motar ɗanta. Kuma kowane kamfani da inda yake ɓoye idonsa, wani a kan madubi, wani a bayan sitiyari, wani a jikin ginshiƙin ƙofa, kowanne da awonsa. Ƙusoshin bayan ƙofa sun sake cika, sai dai takardun yanzu ba su fi tafin hannu ba. Ba aikin da zai sa a canza kujerun majalisa ba ne, amma kofin shayi bai sake hawa kekena ba. Kuma kowace mata sai na gaya mata gaskiya kafin in yanka yadi, cewa in an rufe, motar za ta daina abin da aka saye ta dominsa, a nemi mai tuƙi na gaske. Bara na ji wani kamfanin ya fito da mota mai 'yar ƙofar roba a kan idon, ana ja ana rufewa, suna ta talla wai sabuwar fasaha ce da ba a taɓa yi ba. Allah Ya ba su lada.

Don haka in kun ga ɗan ƙyalle da roba, ku ɗauki rimot ku gwada naku tukuna, sannan mu yi maganar minti biyar.

Koren labulen ya kusa ƙarewa. Ranar da nake yanka na ƙarshe-ƙarshensa, don na Hajiya ya fara koɗewa, Lujain na zaune kusa da ni tana tattara zare. Ta ɗauki wanda na gama ta manna a idonta ɗaya, ta rufe ɗayan da hannu.

"Sitti, ma ashuf shai," ta ce, wato, "Kaka, ba na ganin komai."

Na ce, "Haka ake so."

"To in motar ba ta gani, wa zai kai Hajiya Ƙuba?"

"Ammu Ila," na ce, wato Baffa Ila, yadda yara ke kiran Malam Ila.

Ta sauke ƙyallen tana jujjuya shi. Yarinyar da in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Larabci, ran nan da Hausarta mai tsami ta ce min, "Sitti, ashe Ammu Ila ne idon motar."